Kakarmu ta Bencin Baya

Ni fa tun farko na faɗa, ba ni ya kamata a ɗora wa wannan aiki ba. A gidanmu akwai masu digiri, har da masu digiri a kan digiri. Akwai ɗan wan babana, Baba Babba, wanda in ya fara Turanci sai ka nemi ruwa ka sha. Amma da aka zo batun wanda zai rubuta wani abu a kan Kaka don kada a manta da ita, sai kowa ya tuna yana da mitin. Goggo, wato yayar babana, ita ce babba a ɗakinsu, ta zo ta zare makullin keke napep ɗina daga aljihuna, ta ƙulle a bakin zani, ta ce, "Kai da bakinka ba ya hutawa tun daga Kubwa har Dutse, yau ka zauna ka zuba surutun inda zai yi amfani. Ka gama, ka karɓi makulli."

Na ce, "Goggo, ni fa a aji biyar na sakandare na yi sallama da biro."

Ta ce, "Ita wadda za ka rubuta a kanta ko ajin farko ba ta leƙa ba."

To kun ji yadda aka yi. Fasinjojina suna can bakin kasuwa suna shan rana, ni ina nan ina danna waya. In kun ga magana ta karkace, ku nemi Goggo.

Washegarin rasuwar Kaka, kafin mu gama kafa kanofi gida ya cika. Matan zumunta na cocinmu suka zo da zannuwansu iri ɗaya, suna kuka suna waƙa, in kukan ya gaji waƙar ta karɓa. Alhajin da muke katanga ɗaya da shi, wanda ke aiki a wata ma'aikata a cikin gari, ya fasa zuwa ofis, ya buɗe get ɗinsa ya ce a ja kujeru har cikin gidansa. Akwai wata Bafulatana da ke kawo wa Kaka nono daga rugarsu ta wajen Jiwa, ita ba ta ji labari ba, ta iso da ƙwarya a ka kamar kullum. Da ta ga kanofi sai ta sauke ƙwaryar a hankali a ƙofar ɗakin Kaka, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Nan ta zauna har rana ta juya. Da za ta tafi ta bar mana nonon gaba ɗaya, har ludayin.

Sai kuma wasu mutane da dangi ba su sani ba suka yi ta shigowa. 'Yan mata da goyo. Wani magidanci mai jajayen idanu da ya goge rigarsa kamar zai je neman aiki. Wata mata mai jan baki da ta tsaya nesa tana kuka ba sauti. Mamata ta taɓo ni ta ce, "Su wa ke nan?" Na ce, "Mama, 'yan ajin Kaka ne." Ku riƙe wannan, zan dawo kansu.

Abin da ya sa aka ranƙwashe ni a ka ranar shi ne dariya. Kowa ya karɓi lasifika sai ya hau yabo. Ta share coci tun coci yana rumfar kwano. Ta ɗauki bulo a ka lokacin gini. Ba wanda ya taɓa shiga gidanta ya fita da yunwa. Sai wani tsoho ya miƙe ya ce, "Jama'a, in wannan mata ba ta shiga sama da ayyukanta ba, to ba mai shiga." Aka amsa da amin kamar kanofi zai tashi. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, domin na san da Kaka za ta ji wannan magana, da silifas ɗinta ya riga ya sauka a ƙeyar tsohon nan. Duk rayuwarta abin da take faɗa ke nan: ba a shiga wurin Allah da aiki. Alheri ne. Yesu ya gama komai a kan giciye, naka kawai ka miƙa hannu ka karɓa. Ba ta iya karatu ba, amma wannan ta riƙe shi kamar yadda take riƙe bakin zaninta a kasuwar Kubwa.

Ba wai ƙarya aka yi mata ba fa. Kaka ta yi aiki. Kowace Asabar ni nake ɗaukar ta a keke in kai ta coci da wata guntuwar tsintsiya da ta cinye har ta kusa zama burushi, an sayo mata sabuwa ta ƙi. Amma ka kuskura ka yabe ta. Wata rana wata mata ta same ta a duƙe ta ce, "Sannu Mama, ladanki yana can yana taruwa." Kaka ta miƙe da ƙyar, ta dafe ƙugu, ta ce, "'Yata, da da tsintsiya ake shiga sama, ai da masu sharar titin Abuja sun cike wurin kafin mu iso."

A hanyar dawowa na ce, "To Kaka, in ba lada kike nema ba, me ya sa kike kashe mini Asabar, ranar da fasinja ya fi yawa?"

Ta ce, "Murna ce ta yi mini yawa. An yafe mini, an karɓe ni, ban ba da komai ba. Da gwiwata tana da kyau rawa zan yi. Tunda ta ƙi, sai in yi shara."

Ni kuwa kun san ɗan Kubwa, da na ji zancen kyauta sai kunnena ya miƙe. Na ce, "Wato Kaka, an riga an gama mini komai ke nan? To ai shi ke nan. Bari in je in sha sharafina, in na tsufa kamar ki na dawo in karɓi tsintsiyar."

Ta mangare ni a kafaɗa har keke ya yi gefe. Ta ce, "Ka tuna rigar Kirsimetin da na sa aka ɗinka maka kana ƙarami, mai ruwan ƙwai?"

"Na tuna."

"Wane aiki ka yi na ba ka?"

"Ba komai."

"Ba komai? A satin ma ka fasa mini randa. To da ka sa rigar, ka yarda ka zauna a ƙasa?"

Na ce, "Ina! A tsaye na ci shinkafa ranar."

Ta ce, "Yawwa. Wanda ya san irin rigar da aka sa masa ba ya zuwa neman kwata. Kai ba ka tsaya ka kalli taka da kyau ba tukuna. Duba gabanka, kar ka kai ni sama kafin a kira ni."

Yanzu bari in dawo kan 'yan ajinta. Wanda ba ɗan coci ba, ga bayani. A cocinmu in mutum ya yi laifin da ya fito fili, kamar budurwa ta yi ciki, ko magidanci ya sha ya kwanta a titi, ko ya daki matarsa, dattawan coci suna sa shi a horo. A sanar a gaban jama'a, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake karɓa a gaban coci, a cire shi daga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, ko duk wani aikin da yake riƙe da shi, ya koma benci na ƙarshe a bakin ƙofa, har sai an ga ya tuba a maido shi. Bencin nan ko majingina ba shi da ita, ƙafarsa ɗaya da bulo aka tokare, fanka ba ta kaiwa wurin. Mai shigowa zai gan ka, mai fita zai sake ganin ka. Ita kuwa Kaka, da yake ta fi kowa shekaru, kujera mai kushin aka ajiye mata a layin farko, kusa da matar Fasto.

Wata Lahadi aka sanar da horon wata yarinya 'yar kwaya, marainiya ce, a wurin yayarta take zaune. Ta cire rigar kwaya, ta taka zuwa baya ita kaɗai, kanta a ƙasa. Fasto ya fara wa'azi. Can sai muka ji fat, fat, fat, silifas ɗin Kaka da sandarta a tsakiyar coci. Kowa ya ɗauka bayan gida za ta. Ta wuce layi bayan layi har bencin ƙarshe. Kun san kunnenta ya yi nauyi, raɗarta ma sai an ji a waje. Ta ce, "Matsa mini, 'yata. Can gaba fanka ta yi mini yawa."

Daga ranar ba ta sake zama a kushin nan ba. Yanzu ganga ake ɗorawa a kai.

Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne Baba Babba, wan babana. Shi yana cikin dattawan coci, kuma oga ne a ofishinsu. Mutum ne mai tsari, ko hankicinsa sai an goge. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga murya ba, shi ya gina wa Kaka ɗakinta, shi ke kai ta asibiti. Mutumin kirki ne, ko maƙiyinsa zai shaida. Matsalarsa ɗaya ce: shi ma ya sani.

Ya same ta a gida ranar tana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Mama, mu muka yanke horon nan. Kin je kin zauna a can, mutane za su ce kin raina dattawa. Ko ma su ce ke ma kin yi wani abu."

Ta ce, "To ban yi ba ne?"

"Haba Mama, me kika yi?"

"Tambayi Allah, shi yake kallon zuciyata tun ina budurwa. Bambancina da yarinyar nan ɗaya ne, nawa zunubin ba ya tura riga gaba."

Ni ina bayan ƙofa, saura kaɗan in haɗiye cokali.

Ta ce, "Ni ban ce ku daina horo ba. Horo magani ne, ku ba da abinku. Amma ko a asibiti in an yi wa mutum allura, ana barin wani ya zauna a bakin gadonsa."

Baba Babba ya ninke hankicinsa ya tafi. Bai yarda ba, amma bai sake tayar da zancen ba.

Haka bencin ya zama ajinta. Wasu su shigo, a maido su, wasu su maye gurbinsu, ita tana nan kamar bulon da aka tokare. Gyaɗa take ƙullowa a zani tana miƙa musu a ɓoye, ɓoyon da duk coci ke jin ƙarar ɓawon. Ranar jibin Ubangiji za ta ja ƙafa ta je gaba ta karɓa, ta dawo ta zauna, ta ce musu, "An ce in gaishe ku. Wurinku yana nan, ba wanda ya zauna." Da yarinyar kwayar nan ta haihu, Kaka ce ke riƙe jaririn in ya gama shan nono. Ta ɗaga shi ta ce, "Dubi wannan oga. Ko sannu bai taɓa ce wa uwarsa ba, ga shi yana sha kamar shi ya ajiye. Haka muke a wurin Allah, sai dai mu mun iya sa takalmi."

Ita da Bafulatanar nan kuma kullum sai sun taɓa. In ta sauke ƙwarya su zauna a inuwa, wannan ta ce ranar ƙarshe sai an auna aikin kowa, amma rahamar Allah ta fi komai faɗi. Kaka ta ce, "Ni in aka ɗora ni a ma'auni na shiga uku, shi ya sa na riƙe rigar wanda ya tsaya mini." Waccan ta ce, "Ke dai tsohuwa ba kya jin magana." Kaka ta ce, "Ke ma haka." Su raba goro, kowa ta tafi da addininta, jibi a sake.

To, sai bencin ya zo gida.

Baba Ƙarami shi ne autan Kaka. Makaniki ne, mai fara'a, shi ya koya mini tuƙi. Kwalba ce ta same shi. Wata rana ya sha, faɗa ya kaure a tasha, ya ji wa wani mummunan rauni, kotu ta tura shi gidan yari a Kuje. Baba Babba ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, ya ja masa kunne ya gaji. Kaka kuwa da wannan gwiwar tata ta riƙa zuwa. Daga Kubwa zuwa Kuje ba nan kusa ba ne, sai ka sauka wannan mota ka hau waccan. In kai ta tasha da kular tuwo a cinya, in je in ɗauko ta da yamma ta yi furu-furu. Na ce, "Kaka, ya fursunanki?" Ta ce, "Ya rame, amma kunnensa ya buɗe."

Da ya fito, da ƙafarsa ya je wurin dattawa, aka sa shi a horo. Ya zauna a bencin baya kusa da uwarsa, yana karɓar gyaɗa kamar kowa. Ana dab da maido shi sai ya zame, aka gan shi a mashaya, aka ƙara masa lokaci. Mamata ta ce, "Kaka, ba ki gaji ba?" Ta ce, "Wanda ya ɗauke shi bai gaji ba, ni mai rakiya ce zan gaji?"

Yana cikin horon nan ta tafi. Da rana ne, a gindin mangwaron gidanmu. Ta sha mangwaro ta ƙoshi, ta ce wa Baba Ƙarami ya kawo mata ruwa ta wanke hannu. Ya dawo da buta ya same ta ta jingina da bishiya, ƙwallon a hannunta, fuskarta kamar wadda aka ba labari mai daɗi. Ba ciwo, ba asibiti. Ko a mutuwa matar nan ba ta wahalar da kowa ba, sai ni da aka ƙwace wa makulli.

Waɗanda suka zo jana'iza sun ga abin da ya faru. A al'adarmu 'ya'ya maza da jikoki ne ke ɗaukar akwati daga bakin get har gaban coci. Kun ga Baba Babba a dama, Baba Ƙarami a hagu, su ne a gaba, ni ina baya ina shan nauyi, domin akwatin ya fi matar nauyi. Kun ga da muka shiga ƙofa, ba wanda ya ce a tsaya, amma muka tsaya daidai bencin baya. 'Yan ajinta sun cike shi, tsofaffin ɗalibai da sababbi, suka miƙe gaba ɗaya har bulon ya zame. Suka kama waƙa, kowa da muryarsa, ba mai bin wani, ban taɓa jin waƙa mara tsari mai daɗi irin wannan ba. Kun ga hankicin Baba Babba ya jiƙe har ba ya ninkuwa. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido, ina jin ƙura ce.

Abin da ba ku gani ba shi ne yadda aka kusa yin jana'izar nan babu autanta.

Ana gobe za a binne ta, da safe, dangi suka zauna a tsakar gida don a tsara masu ɗaukar akwati. Mata suna gefe suna aikin abinci, Goggo tana kan tabarma da tire tana tsince shinkafa, Fasto yana nan an ba shi kujera. Baba Babba ya kira kansa, ya kira babana, ya kira jikoki har da ni. Ya tsallake Baba Ƙarami.

Babana ya ce, "Yaya, ka manta auta."

Ya ce, "Ban manta ba. Mutumin da ke cikin horo ba zai taɓa akwatin Mama ba. Ya zauna a bencinsa ya kalla."

Aka juya wurin Fasto. Fasto ya gyara gilashi ya ce, "Dattijo, horon coci ya hana shi jibi, ya hana shi aikin coci. Bai ce komai a kan akwatin uwarsa ba. Wannan maganar gidanku ce."

Baba Babba ya ce, "To in ta gida ce, ni ne babban namiji, na kuwa yanke. Matar nan ta ƙare gwiwarta a hanyar Kuje saboda shi. Ta bar kujerar girmanta ta ƙare a bakin ƙofa. Ni na yi mata iyakar ƙoƙarina, ƙanena mai bi mini ya yi nasa, yaran nan ma sun yi. Shi fa?"

Na ce bari in sa baki ko wuri zai yi sanyi. Na ce, "Baba, ai gara a bar shi, makaniki ne, ya saba ɗaga inji, mu bayanmu zai huta." Baba Babba ya yi mini wani kallo da ya sa na tuna ina da aiki a bayan gida, amma ƙafata ta ƙi tashi.

Baba Ƙarami ne ya miƙe. Sai a lokacin na lura da 'yar jakarsa a gindin mangwaro, ashe tun da asuba ya haɗa kaya. Ya ce, "Ku bar shi, Yaya gaskiya ya faɗa. Ban cancanta ba. Zan wuce yau ɗin nan, kada in ɓata muku taro." Ni na san mutumin nan. In ya fita get ɗin nan da wannan jaka, ba coci, ba gida, kwalba ce za ta karɓe shi, kuma babu sauran mai cewa matsa mini.

Baba Babba bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Ni tambaya ɗaya na yi, a ba ni amsa. Me ya taɓa yi wa Mama da zai ɗauke ta? A faɗa mini abu ɗaya."

Mai daka ta tsayar da taɓarya. Goggo ta ture tiren shinkafa gefe, ta karkaɗe hannu. Ba ta ma tashi ba.

Ta ce, "Kai, Dattijo. Ni na goye ka, komai a idona aka yi. Har ka yi haƙora kana shan nonon matar nan, kana cizon ta, tana hawaye tana ƙara manna ka a ƙirji. Faɗa mana aikin da ka yi mata kafin ta ba ka na farko, sai mu tura auta shi ma ya je ya yi."